Wadda Ta Kai Kawu Lome

A ajin tsarin sauti an koya mana cewa wanda ya ce "fara" da wanda ya ce "hwara" kalma ɗaya suka faɗa, bambancin na karin harshe ne, ba ya taɓa ma'ana. Na rubuta haka a jarrabawa, na kuma ci maki. Sai dai a watan Oktoban 2023 na yi kwanaki ina tsaye gaban wani mai sauraro wanda bai san da wannan ƙa'ida ba, alhali abincin gidaje shida yana hannunsa. Mai sauraron nan inji ne, a shagon kafinta na kawuna da ke Yamai. Na ga ya dace in ba ƴan'uwana ɗalibai labarin, domin abin da na koya a shagon nan game da ƙa'idojin rubutu ya fi abin da na tara a shekarar farko ta digirina na biyu.

Mu mutanen Tondikandiya ne, ƙasar duwatsu da ke kwarin Dallol Boso, kudu da Filinge. Sunan ma da Zabarmanci yake, "tondi" shi ne dutse. Cibiyar gundumar tana Damana, kuma a ƙasar ne, a Fandu, aka haifi Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Galibin jama'ar Zabarmawa ne, amma da yake muna maƙwabtaka da Kurfai, auratayya ta haɗa mu tun kaka da kakanni. Kakata ta wajen uwa mutuniyar Kurfai ce, mijinta Bazabarme. Saboda haka mahaifiyata da wanta, wato Kawu, sun tashi da harshe biyu: Zabarmanci a dandali, Kurhwayanci a ɗakin uwa. Kawu ya yi shekara huɗu a makarantar boko ta Faransanci kafin farin 1984 ya kore shi daga gida yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ya yi ɗan dako a Lome, ya koyi aikin katako, ya daɗe can, sa'an nan ya dawo ya buɗe shago a Yamai. Da mahaifina ya rasu, shi ya ɗauke ni, kuma duk wani littafi da na taɓa saye, da kuɗin ƙofofinsa na saye shi.

Ƴan shekaru kafin abin da zan faɗa, Kawu ya tara abin da ya mallaka ya sayo injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, irin wanda ake kira CNC, ƙirar ƙasar Sin, ta tashar jiragen ruwa ta Lome. Ga wanda bai taɓa gani ba, tebur ne na ƙarfe mai faɗin mita 1.3 da tsawon mita 2.5, a kansa akwai gada mai ɗauke da kan sassaƙa wanda ke tafiya ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. A gefe akwai akwatin da ke ba shi umurni, mai allon kallo da allon haruffa. Ana zana ƙofa a kwamfuta, a mayar da zanen jerin umurni, layi bayan layi, cikin wani ɗan harshe da masu sana'ar ke kira lambobin G. A harshen nan G00 na nufin ruga ba tare da yanka ba, G01 yanka a miƙe, G02 da G03 kuwa yanka a lanƙwashe, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Asalin fasahar daga Amurka take, inda aka nuna injin farko na irin wannan a cibiyar MIT a 1952, yana karanta umurni daga zaren takarda mai huji. Da injin nan Kawu yakan gama cikin awa uku adon da a da yakan ci kwana huɗu da kurfi da guduma.

Da ya lura wasu yaran shago suna dawowa da dare suna yi wa kansu aiki da injin, har sun karya masa baki biyu masu tsada, sai ya sa wa akwatin kalmar sirri. Kullum da safe shi ke buɗewa da kansa, da yatsa ɗaya, yana juya wa kowa baya. Bai faɗa wa kowa ba, bai rubuta a ko'ina ba.

Ranar wata Talata da hantsi, yana tsaye gaban injin, sai ya faɗi. Likitoci suka ce jini ne ya toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannun dama da ƙafar dama sun shanye, magana kuma ta ɗauke. A lokacin ƙasar tana cikin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta sa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, an rufe iyakar Benin. Da yammacin ranar da ya faɗi wuta ta ɗauke, injin ya mutu. Da ta dawo, sai allon ya nuna fili ɗaya fari yana jiran kalma.

Babban yaron shago ya same ni a harabar asibiti bayan kwana uku. Ya gaishe ni, ya tambayi mai jiki, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, akwai ƙofa ashirin da huɗu da wani Alhaji ya ba da, ya biya rabi, kuɗin sun tafi ga katako. Ƙarshen wata aka yi da shi. In ba mu ba shi ba, sai mu mayar da kuɗi, ga kuma asibiti." Na ce to a kira wanda ya sayar da injin mana. Ya ce sun kira. Wakilin da ke Lome ya nemi lambar injin da takardar saye, abin da ya dace kuwa, domin kada ɓarawo ya yi amfani da su. Bayan an aika, ya ce abu ɗaya zai iya yi daga nesa, shi ne ya nuna musu yadda za a mayar da akwatin yadda ya fito daga masana'anta. Yin haka zai share kalmar sirri, amma zai share komai tare da ita: ma'aunan da aka daidaita wa injin, waɗanda ke gaya masa bugun lantarki nawa ne ke kai shi milimita ɗaya da inda iyakar teburinsa take, da kuma zane sama da ɗari uku da Kawu ya tara, har da na ƙofofin Alhajin. Babu kwafinsu a wani wuri, domin kwamfutar da ya yi zanen da ita ta lalace tun bara. Wani mai gyara ya ce a bar shi ya buɗe akwatin ya cire ɗan batirin da ke ciki. Na hana, don na karanta cewa a injuna da dama batirin nan shi ke riƙe da ma'aunai, ana iya cire shi a rasa su, kalmar kuwa tana nan daram.

Abin da ya rage shi ne a tambayi mai kalma. A nan ne karatuna ya fara amfani, ya kuma fara ba ni tsoro. Ciwon da ya sami Kawu shi ne wanda likitan Faransa Paul Broca ya bayyana a 1861, bayan ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan", ko da yake yana fahimtar yawancin abin da ake gaya masa. Na san cewa masana sun daɗe suna muhawara kan wane harshe ke fara dawo wa mai harsuna da yawa: Ribot ya ce abin da aka fara koya shi ya fi jurewa, Pitres kuwa a 1895 ya ce harshen da aka fi amfani da shi kafin ciwo. Kawu bai bi ko ɗayansu ba. Abin da ya saura a bakinsa gutsattsari ne daga harsuna huɗu. In an gaishe shi sai ya ce "baani samay" da Zabarmanci. Yakan ce "alhamdu lillahi" tsaf. Yakan ƙirga ɗaya zuwa goma da Faransanci, da irin waƙar da ake koya wa ƴan aji ɗaya. Da Hausa kuwa "to" kaɗai ta rage. Duk maganganu ne da baki ya saba da su har suka zama ba sa bukatar tunani, irin waɗanda likitan Ingila Hughlings Jackson ya bambanta da maganar da mutum ke ƙagowa don ya faɗi wani abu sabo.

Na durƙusa gefen gadonsa na ce, "Kawu, injin ya kulle. Ka yarda mu nemi kalmar mu buɗe?" Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Na ce, "Kana tune da ita?" Ya sake gyaɗawa da ƙarfi, ya buɗe baki, leɓɓansa suka taru kamar mai shirin hura wuta, sai "to" ta fito. Ya sake, "to" ta sake fitowa. Na ba shi alƙalami a hannun hagu, ya ja layi biyu masu lanƙwasa ya tsaya. Na rubuta haruffa a takarda ina nuna masa ɗaya bayan ɗaya, ya amsa wa B, ya amsa wa M, ya amsa wa duk wanda na nuna, sa'an nan ya juya fuska ga bango, hawaye na bin kuncinsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce in bar shi haka nan. Ban sake gwada wannan hanya ba, har yau kuma ina jin kunyar na gwada.

Yaran shago sun riga sun gwada sunayen ƴaƴansa, da shekarun haihuwa, da lambar wayarsa. Akwatin yana ba da dama uku, in an kuskure sai ya kulle na awa ɗaya. Na tuna da Kasimu na labarin Ali Baba, wanda ya shiga kogon ɓarayi ya manta kalmar fita. Abin lura a labarin, Kasimu bai manta komai da komai ba, ya san sunan wata ƙwaya ce, ya yi ta kiran sauran ƙwayoyi, riɗi kaɗai ya ɓace masa. Mu ko rukunin ma'anar ba mu sani ba.

Matar Kawu, wadda nake kira Inna, ita ta ba da bakin zaren. Muna zaune a tabarma bayan sallar isha'i ta ce, "Ɗana, na taɓa tambayarsa, na ce Malam, in ka yi tafiya wa zai buɗe? Ya yi dariya ya ce, wadda ta kai ni Lome ita ke buɗe shi." Ta yi shiru kaɗan, ta gyara mayafi, ta ƙara da cewa, "Ni dai ban san wace ce ba, ban kuma tambaya ba." Daga muryarta na gane shekara biyu ke nan tana zaton wata mace ce. Babban yaron shago ya ce wataƙila mota ce, irin manyan motocin da ake rubuta wa kirari a goshi. Mahaifiyata ta ce ita tana ƙarama lokacin, amma akwai mai sani.

Washegari na hau motar Filinge. Garin yana da nisan kusan kilomita 180 daga Yamai, amma ni a hanya zan sauka, bayan an wuce Balleyara. Tafiya a wannan yanki ba kamar da take ba, kowa a motar ya yi shiru, sai direba da ke ta duban gaba. Na sauka a mararrabar ƙauyenmu, na sami mai amalanken jaki ya ƙarasa da ni. Kaka ce, an girbe gero, damuna a jingine a gonaki, gawo ya fara fitar da ganye kamar yadda ya saba in sauran itatuwa sun fara zubarwa.

Na tarar da kakata a gindin rumbu tana ɓarar gujiya. Shekarunta sun haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kunne da baki lafiya lau. Ta ce, "Wa nika ji kamar mijina? Ka tuna da ni yau, ko amaren birni sun kore ka?" Na ce, "Ke dai tsohuwa, kishi ba ya ƙare miki." Muka yi dariya, sa'an nan ta kama hannuna ta tambayi ɗanta. Na gaya mata gaskiya gwargwadon yadda za ta iya ɗauka. Ta daɗe tana jan carbi. Da na ga ta natsu na ce, "Kaka, wace ce ta kai Kawu Lome?"

Ba ta yi jinkiri ba ko na numfashi ɗaya. Ta ce, "Hwarin Ciki mana. Wa za ya kai shi in ba ita ba?"

Karsana ce. Kakata ta zo da uwarta daga gidansu lokacin aure, irin shanun Azawak, jajaye, waɗanda ake kiwon irinsu a Tukunus kusa da Filinge. Ita wannan ja ce, cikinta fari fat, sai aka sa mata suna da abin da ido ya gani, aka kuma yi fatan abin da sunan ke nufi. Kawu ne ya yi kiwonta tun tana maraƙa. Na kunna na'urar ɗaukar murya, ga abin da ta ce, da karin harshenta: "Shekarar da ruwa sunka ƙi, shanu sunka yi ta hwaɗuwa, ita ɗai tar rage muna. Ubanshi yac ce a yanka ta a ci. Nic ce a'a, a sai da ta tun tana tsaye, yaro shi tahi bisa kuɗɗinta, ko Allah na sa shi tsira. Shi da kainai yaj ja ta hak kasuwa. Da yad dawo bai ci tuwo ba kwana biyu." Kuɗin da aka samu, in ji ta, da ƙyar suka kai na mota da guzuri, domin a shekarar dabba ba ta da daraja. Sai a lokacin na fahimci layi biyun nan masu lanƙwasa da Kawu ya ja a takarda. Ƙaho ne ya zana mini, ni kuwa ina neman harafi.

Na koma Yamai da murna. Na fara zuwa asibiti, na sunkuya na ce a kunnensa, "Kawu, Hwarin Ciki." Ya damƙe hannuna da hagunsa har na ji zafi. Na gaya wa Inna ko wace ce kishiyar tata, ta rufe baki da mayafi tana dariya tana kuka. Daga nan na wuce shago, yara suka kewaye ni, na zauna gaban allon kamar liman, na rubuta "farinciki". Ya ƙi. Na rubuta "Farin ciki". Ya ƙi. Na ce af, ai da karin Kurfai ne, na rubuta "hwarinciki". Ya ƙi, ya kulle.

A cikin awar nan ta jira na gane kuskurena. Na rubuta kalmar yadda ni aka koya mini, ban tambayi yadda shi yake rubutawa ba. Rubutun Hausa na boko da muke taƙama da shi yana da tarihi: dokokin da Hanns Vischer ya tsara a 1912, haruffa masu ƙugiya da suka shigo a shekarun 1930, taron UNESCO na Bamako a 1966, taron daidaita rubutun Hausa na Yamai a 1980, da dokar ma'aikatar ilimi ta Nijar ta 1999 wadda ta tsayar da haruffan da muke amfani da su, har da "ƴ" inda ƴan'uwanmu na Nijeriya ke sa ɗauri kafin "y". Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai taɓa isa ajin da Kawu ya zauna ba. Shi haruffa da Faransanci ya san su, kuma da ƙimar da Faransanci ya ba su yake rubuta Hausa, kamar yadda aka rubuta Tahoua da Tchadoua da Dogondoutchi a taswira.

Na ɗauki takarda na lissafa. Gaɓar farko tana iya zama fa, ha, hwa, hua ko houa, hanya biyar. Ƙarshen kalmar farko in ko ine, hanya biyu. Tsakanin kalmomin ko a haɗe, ko da fili, ko da karan ɗori, hanya uku. Sautin farko na "ciki" c, ch ko tch, uku. Na tsakiya k ko qu, biyu. Sai girman haruffa: duka ƙanana, duka manya, ko na farko kaɗai babba, uku. In an ninka, siga 540 ke nan. Da gwaji uku a awa, ana bukatar awa 180, wato kwana bakwai da rabi dare da rana ba tsayawa, in har akwai wuta, kafin a fara taɓa katako. Lokacin da ya rage mana bai kai a yi wannan a kuma sassaƙa ƙofa ashirin da huɗu ba.

Sai na yi abin da malamanmu ke ta nanata mana, wanda ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba: na nemi bayanai daga mai harshen kansa. Na ce a kawo mini littattafan ciniki na shago. Aka fito da guda bakwai, masu ƙura, shekara goma sha biyu na rubutun hannun Kawu. Na kwana ina karantawa da fitilar waya, ina tsamo kalmomi ina jerawa. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Rubutun da na saba yi wa kallon na wanda bai ƙoshi da makaranta ba, ashe yana da ƙa'ida, kuma mai shi bai cika saɓa mata ba. Kalmar da ta fi yawa a littafin kafinta ita ce ƙofa, wadda a bakin Kawu "ƙohwa" ce, kuma ko'ina "kohoua" ya rubuta. Ke nan sautin "hwa" a wurinsa "houa" ne. Ciniki "tchiniki" ne, ciko "tchiko", domin a Faransanci "ch" shi ne namu "sh", sai an sa "t" a gaba ake samun "c". Bai taɓa amfani da "qu" a kalmar Hausa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rubuta madanganci: "kouddine kohoua", "bakine katako". Ya san cewa mai karatun Faransanci in ya ga "in" a ƙarshen kalma zai furta wasali mai fita ta hanci, "n" ɗin ta ɓace, don haka yake ƙara "e" domin ya tsare ta, kamar yadda ake yi a sunaye irin su Amine. Mutumin da ya bar makaranta a aji huɗu ya warware matsalar da ke tsakanin tsarin sautin harsuna biyu, shi kaɗai, a kan teburin aiki.

Daga 540 saura tara. Babban yaron ya ce bai taɓa ganin Kawu ya taɓa dogon maɓallin fili ba, kuma da yatsa ɗaya yake bugawa. Da asuba na rubuta "houarinetchiki", harafi goma sha huɗu, ina da yaƙinin da ban taɓa yi a kan wata amsa ba. Ya ƙi. Na bi sauran takwas ɗin cikin awa uku, duk ya ƙi.

Na fita waje na zauna a kan gungumen katako. Na fara shirya yadda zan gaya wa Inna cewa sai dai a share komai. Ina nan zaune sai ƙaramin yaron shago, ɗan shekara goma sha huɗu, wanda aikinsa shara da dafa shayi, ya matso yana murza hannu. Ya ce, "Malam, in faɗi wani abu?" Na ce faɗi. Ya ce, "Wannan allon haruffan ba shi ne na Baba ba. Ran da ya faɗi ya jawo na da, ya fashe, aka sayo wannan. Shi na da, in ka taɓa A, Q yake ba ka."

Na ce ya ɗauko mini fasasshen. Ya tono shi daga kwandon tarkace. Allon Faransa ne, wanda layinsa na sama ya fara da AZERTY. Sabon kuwa na Ingilishi ne, mai farawa da QWERTY. Allon haruffa ba harafi yake aika wa kwamfuta ba, lambar gurbin maɓalli yake aikawa, ita kwamfutar ke fassara gurbin bisa tsarin da aka sa mata. Akwatin injin a kan tsarin Ingilishi yake tun daga masana'anta. Gurbin da allon Faransa ya rubuta wa A, shi ne gurbin Q a na Ingilishi. Kawu ya yi shekara biyu yana danna A da zuciya ɗaya, injin yana karɓar Q, kuma da yake taurari kaɗai ke bayyana in ana rubuta kalmar sirri, babu wanda ya gani. Na duba kalmar: haruffan da ke sauya gurbi tsakanin allunan biyu su ne A, Q, Z, W da M, kuma A ɗaya tak ke cikinta. Da na bi sigogin nan 540 har ƙarshe, da babu wadda za ta buɗe.

Na ce wa yaron shi zai buga. Ya goge hannu a riga, ya rubuta "houqrinetchiki" ina karanta masa harafi harafi. Allon ya yi duhu na ɗan lokaci, sa'an nan jerin zanen Kawu ya bayyana.

Kafin a kunna kan sassaƙa na sa aka kwafe ma'aunai da zane duka a ƴan ma'ajiya biyu, irin waɗanda muke kira kile, ɗaya a shago ɗaya a akwatin Inna. Muka sauya kalmar, shi ya sa nake iya buga tsohuwar a nan. Sabuwar an rubuta ta a takarda, harafi harafi, tare da bayanin irin allon da aka buga ta da shi, aka rufe a ambulan aka ba mutum biyu. An kai wa Alhajin ƙofofinsa da jinkirin kwana huɗu, ya karɓi uzuri.

Tun da aka fara sa wa kwamfuta kalmar sirri, a MIT a farkon shekarun 1960, ana ɗauka cewa kalma jerin haruffa ce tsayayye wanda mai ita zai maimaita ba canji. Wannan zato yana tafiya daidai ga wanda harshensa ke da rubutu ɗaya da kowa ya koya a makaranta, da allon haruffa da aka ƙera dominsa. Bahaushen Nijar yana tsakanin rubutu uku, na ajami, na boko daidaitacce, da na Faransanci, ga allo iri biyu a kasuwa, kuma babu ɗayansu mai ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a fuskarsa, ko da yake haruffan suna cikin tsarin Unicode. Kowace rana mutanenmu suna sa wa wayoyi da asusun kuɗi kalmomin da suka san su sarai a baki, amma ba su da tabbacin yadda suka rubuta su. Mu da ke nazarin harshe mun fi mayar da hankali ga yadda ya kamata a rubuta. Yadda ake rubutawa a littafin bashi, da jikin mota, da saƙon waya, mun bar shi a matsayin kuskure, alhali shi ne rubutun Hausar da ya fi yawa a ƙasar nan. Na je wa malamin da ke duba aikina da littattafan nan bakwai, da izinin Inna, na roƙi a bar ni in sauya batun kundina daga kwatanta wasulan Kurhwayanci zuwa nazarin ƙa'idojin da ke cikin irin wannan rubutu. Ya yi awa guda yana juya shafuka kafin ya amince. Ina kira ga duk ɗalibin da ke da irin waɗannan littattafai a gidansu, na tela ne ko na mai awo, kada ya bari a kunna wuta da su.

Kawu yana gida yanzu, yana takawa da sanda. Kalmominsa sun ƙaru, sun kai wajen arba'in, ina rubuta kowace sabuwa da ranar da ta dawo. Bayan ƙaramar salla muka kai shi shago a karon farko. Aka sa masa kujera kusa da injin, ƙaramin yaron nan, wanda yanzu aka fara koya wa aiki, ya ɗora katako ya kunna. Kawu ya ɗora tafin hagunsa a gefen teburin yana jin rawar ƙarfen. Na kunna masa muryar kakata a waya, inda take ba da labarin karsanar. Ya saurara har ƙarshe, ya nuna a maimaita. A karo na biyu, da ta zo wurin sunan, leɓɓansa suka taru kamar ran nan a asibiti, ya ce "hwa". Sauran bai fito ba tukuna. Na rubuta gaɓar a littafina, da kwanan wata, na kuma rubuta ta yadda shi zai rubuta.